Gidajen ma'aikata: a gina su cikin katanga ɗaya da wajen aiki ko a raba?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema daga masana da kuma waɗanda suka taɓa zaman kwatas. An sa ni cikin kwamitin gina matsugunin dindindin na wata kwalejin koyon aikin lafiya mai zaman kanta. Yanzu haya muke a cikin gari, ajujuwa a wata unguwa, ɗakin kwanan ɗalibai mata a wata. Mun samu fili kimanin hekta 15 a hanyar Gwarzo, gaba da Janguza. Mai zane ya kawo mana tsari kamar haka: get ɗaya a bakin titi, ginin gudanarwa mai hawa uku yana kallon get, ajujuwa da ƙaramin asibitin koyarwa a tsakiya, ɗakunan ɗalibai a gefe, sai gidajen ma'aikata 12 can ƙurya, duka na manya. Kwamiti ya rabu biyu. Wasu sun ce a soke gidajen a zuba kuɗin a ɗakin gwaje-gwaje, kowa ya je ya nemi haya. Wasu sun ce makaranta ba ta zama a bayan gari babu ma'aikata a ciki. Me kuka gani?

Abba Ɗan Kurna:
Wa alaikumus salam. A soke kawai. Makaranta kuka zo ginawa ko unguwa?

Maman Ilham:
Abba kai da yake a Kurna kake kwana ka tashi a shago, ai dole ka ce haka. Ni nas ce, ina aikin dare. Ka taɓa tsayawa neman adaidaita sahu ƙarfe tara na dare a bayan gari? Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 mu masu aikin dare muke ɗanɗana kuɗarmu, cire tallafin mai a 2023 kuma ya ƙarasa mu. Baban Khalifa, ni abin da ya tsaya min a rai a zanenku ba yawan gidajen ba ne. Waye zai zauna a ciki? Kun ce duka na manya. To shugaban makaranta yana da mota, yana da direba, ƙarfe huɗu ya tashi. Nas ɗin da za a kira tsakar dare, da mai kula da janareta, da matar da ke kwana da ɗalibai, da direban motar asibiti, su ne ba ku sa ba.

Baba Mai Ritaya:
'Yata Maman Ilham, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi gaskiya ta ɓangarenki. Bari ni ma in faɗi tawa, don na yi zaman gidan gwamnati tun 'ya'yana suna goye har suka yi aure. Daɗi kam akwai. Ruwa, wuta, shuke-shuke, yara na wasa ba ka fargabar mota. Amma daɗin nan shi ne tarkon. Lokacin da abokaina da ke haya suke ta fama suna sayen fuloti a Rijiyar Zaki da Ɗorayi da Na'ibawa, wuraren suna gonaki, ni ina kwance ina shan inuwa. Ranar da takardar ritaya ta zo, tare ta zo da takardar a bar gida. Na fito da iyali na koma haya ina da furfura, giratuti bai fito ba, filayen da na raina kuma sun fi ƙarfina. Zanen aro ba ya rufe katara. In za ku gina, ku gina, amma duk wanda kuka ba gida ku tilasta masa ya mallaki nasa a waje tun yana da ƙarfi.

Maman Ilham:
Allah sarki Baba. Allah ya sa gaba ta fi baya.

Malam Mai Tsara Gari:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Abin da ya same ku ya samu da yawa, shi ya sa ma a 2003 gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi, aka sayar da gidajen gwamnatin tarayya masu yawa, aka ce kowa ya karɓi kuɗin gida a albashi. Ko tsarin ya yi kyau ko bai yi ba wata muhawarar ce.

Amma ina so a gane daga ina wannan zanen na su Baban Khalifa ya samo asali, don ba mai zanensu ne ya ƙirƙire shi ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 ba su zauna cikin birni ba, sun koma Nassarawa da Bompai. Dokar garuruwa ta 1917 ta zo da ƙa'idar barin fili fetal na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai saboda sauro. Gidan Bature a tsakiyar makeken fili, ɗan ɗakin kuku da boyi a baya. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yi wa ma'aikatansa nasu kwatas, baƙi 'yan kudu aka ware musu Sabon Gari. Da Turawa suka tafi sai manyan ma'aikatanmu suka shige gidajen, tsarin kuma ya zauna a kanmu: babba a ba shi fili da bishiyoyi kusa da ofis, ƙarami ya san inda dare ya yi masa. Har gobe in ka ce wa mai zane ya fitar da gidajen ma'aikata, wannan hoton ne yake fara zuwa masa.

Abba Ɗan Kurna:
To Malam ai ka goyi bayana ke nan. Gadon Turawa ne, a watsar.

Malam Mai Tsara Gari:
A'a Abba, kar ka ci da zuci. Haɗa wajen aiki da wajen kwana ya girmi zuwan Bature a garin nan. Je ka dubi Gidan Rumfa. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fitar da fada daga cunkoson tsohon gari ya kafa ta inda take yanzu. A cikin katanga ɗaya ake zaman fada, ake shari'a, ake karɓar baƙi, a ciki kuma iyali da bayi da hadimai da dawakai suke. Me ya hana abin cakuɗewa? Jerin ƙofofi da soraye. Mai ƙara yana da iyakarsa, hakimi yana da tasa, cikin gida kuma ba kowa ke taka shi ba. Ƙofa ma ba ɗaya ba ce, akwai Ƙofar Kudu da Sarki Abdullahi Maje Karofi ya gina, akwai Ƙofar Kwaru, akwai Ƙofar Fatalwa. Kuma masu hidima ba a jefa su bayan gari ba, suna ciki ko a unguwannin da ke manne da fada. Gidan malamin soro ma haka yake a ƙaramin mataki: zaure makaranta ne, shigifa ta tare ido, tsakar gida na iyali. Wato mu ma muna da namu ilimin a kan wannan. Abin da na ƙi a zanen nan shi ne get ɗaya.

Hajiya Mai Zane:
Malam ka riga ni. Get ɗaya shi ne babban aibin tsarin. Ku yi tunani: matar ma'aikaci za ta tafi unguwa, sai ta ratsa gaban ofishin mijinta da gaban ajujuwa. Za a kawo amarya ko a yi suna, motoci su bi ta gaban asibiti. Mai ruwa, mai gawayi, mai kwashe shara, almajirin gida, duk ta gaban ginin gudanarwa. Allah ya kiyaye, a yi rasuwa, a ɗauko makara ta tsakiyar ɗalibai. Ranar da kuma ɗalibai suka yi bore aka rufe makaranta, iyalai sun zama fursunoni. Gidaje su samu ƙofarsu daban da ke fita wani titin, sai a bar 'yar ƙaramar ƙofa ta masu tafiya a ƙasa tsakaninsu da wajen aiki.

Na biyu, Baban Khalifa, ina ginin gudanarwar yake kallo? In filin yana yadda nake zato kuma an juya fuskarsa yamma ko gabas don ya kalli get, an riga an yi asara.

Baban Khalifa:
Hajiya yamma yake kallo, don ta nan hanyar shiga ta biyo. Gabansa duk gilashi ne. Gaskiya a hoto ya yi kyau, shi ya fi burge mai makarantar.

Hajiya Mai Zane:
Innalillahi. Gilashi yana kallon yamma a Kano! Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ranar la'asar kuma a kwance take shigowa, babu rumfar taga da za ta tare ta. Kun gina wa kanku abin da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, na'urar kuma sai da dizal. Ƙa'idar mai sauƙi ce: dogon gini ya miƙe daga gabas zuwa yamma, manyan bangwaye da tagogi su kalli kudu da arewa, gajerun bangwayen gabas da yamma a sa musu matakala, banɗaki, sito. Sannan akwai abin da masu kwafo zane daga littattafan Turai suke mantawa. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take ratsawa da tsakar rana. Bangon arewa ma yana buƙatar baranda ko rumfa, ba na kudu kaɗai ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Maxwell Fry da Jane Drew da suka zana Jami'ar Ibadan a shekarun 1950 a kansa suka yi suna: siraran gine-gine, bulo mai huda, iska na ratsawa. Sai dai Ibadan ba Kano ba ce. Can damshi ne matsalar, ana son iska ta yi ta wucewa. Mu nan iskar bazara da rana wuta ce, ta hunturu kuma ƙura ce daga arewa maso gabas. Namu ginin yana son bango mai kauri, tagar da za a rufe da rana a buɗe da dare, da tsakar gida mai inuwa.

Sarkin Aiki Magini:
Hajiya ranki ya daɗe, yau kin faranta min. Ni magini ne ɗan magini, da tubali na fara kafin in kama bulo. Abin da kike faɗa da digiri, iyayenmu da ido suka san shi. Hadarin Kano daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ake fi ba wa kulawa, a yi masa yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina. Soro mai bango kamu biyu da rufin azara, ka shiga da azahar a watan azumin bazara ka ji kamar an yayyafa ruwa. Yanzu fa? Bulo inci shida, an buga buhu ɗaya ya fitar da abin da bai kamata ba, kwano a sama, silin ƙasa-ƙasa. Dare ya yi bango ya fara amayar da zafin da ya sha, kowa ya ɗauko tabarma ya fito waje. To a kwatas ɗin da babu tsakar gida ina mace za ta kwanta?

Injiniya Sadik:
Baba Sarkin Aiki a yi min afuwa, amma kar mu mayar da mutane baya. Ginin ƙasa duk shekara sai yaɓe. Hukumar makaranta da ke kasa canza kwan fitila ita ce za ta yi yaɓe kafin damina? Azara ma ina giginyar? Kuma duk Agusta muna jin gidajen ƙasa na faɗuwa a cikin birni.

Sarkin Aiki Magini:
Injiniya, gidan da ka ji ya faɗi, je ka duba, ko indararo ya toshe, ko maƙwabci ya ɗaga nasa da siminti ya juyo masa ruwa, ko kwata ta ci gindin bango. Gidan Makama yana nan, Gidan Ɗan Hausa yana nan, masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19 bakan gizonsa yana tsaye. Amma na yarda da kai a kan yaɓe, ma'aikata ba za ta yi ba. Ban ce a yi tubali ba. A yi bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji a ɗan sa masa siminti kaɗan, a ɗora shi kan harsashin dutse da kankare, a saki bakin kwano ya fito sosai ya kare bango. Ƙasar ma daga filin za a haƙa in ta yi, ramin ya zama matattarar ruwan sama.

Injiniya Sadik:
Wannan na yarda, da sharaɗin a kai ƙasar ɗakin gwaji tukuna, ba a murza ta a hannu a ce ta yi ba. Ni damuwata ma ba bango ba ce. Ruwa. Kuna ta zancen gidaje, babu wanda ya tambayi me za a sha. Yawancin ƙasar Kano da yammacinta a kan dutse take, ba kamar ɓangaren Haɗeja ba inda yashi ke riƙe ruwa. Kana iya haƙa burtsatse nan ka samu, ka matsa taku ɗari ka sha ƙura. Bututun Tamburawa ko Challawa kuwa kar ku sa shi a lissafi a can. Makarantar jeka-ka-dawo tana shan ruwa kaɗan. Da zarar ka zaunar da iyalai, wanki da wanka da girki safe da yamma, buƙatar ta ninka. Don haka kafin a ja layi ɗaya a takarda a kira masu binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa. Inda ruwa yake shi zai nuna inda tanki zai zauna, sannan a nisanta ramukan masai da shi aƙalla mita 30, kuma su kasance ta gangare. Na sha ganin an gama gini tsaf sannan a fara neman inda za a haƙa rijiya, a ƙarshe ta faɗo kusa da sokawe.

Wuta kuma, an ƙaddamar da tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero (BUK) a 2019. Ku ba za ku iya irin wannan ba, amma ku ware wa sola wuri tun yanzu, kuma kowane gida a sa masa mitarsa. Wutar kyauta ita ke kashe kwatas.

Anti Bilki:
Ku maza da masu zane kuna ta bango da rijiya. Ni a kwatas na girma, a kwatas kuma na yi zaman aure na farko, bari in gaya muku abin da ba ya fitowa a takarda. Matsayin miji a ofis shi ne matsayin matarsa a layi. Matar darakta ita ce darakta. Yara su yi faɗa a waje, gobe maganar tana teburin ofis. Mijinki ya samu saɓani da ogansa, ke ma an daina amsa gaisuwarki. Ba ki isa ki sayar da ko ƙanƙara ba sai an ce kin mayar da gidan hukuma kasuwa. Sannan gidajen kansu ba don mu aka zana su ba. Ƙofar falo tana buɗewa kai tsaye, baƙo na zaune yana ganin mai fitowa daga wanka. Kicin ɗan mitsitsi, babu inda za ki hura gawayi ko ki kafa tukunyar taro. Ɗaki biyu, an lissafa mata ɗaya da 'ya'ya biyu, alhali ga ƙannen miji, ga tsohuwa ta zo jinya daga ƙauye. Shi ya sa duk kwatas ɗin da ka shiga za ka ga an kewaye baya da langa-langa ko zana. Mutane ne suke gyara kuskuren mai zane da abin da suke da shi.

Hajiya Mai Zane:
Anti Bilki wallahi da a ce ana gayyatar irinku zaman kwamiti da an huta. Langa-langar nan da hukumomi ke rusawa suna cewa ƙazanta ce, ni a wurina darasi ce. Gidan ma'aikaci a Kano, ko ɗaki biyu ne, ya samu abu uku: ɗakin baƙi mai ƙofarsa ta waje da banɗakinsa, tsakar gida mai katanga ko da taku biyar ne, da gurbin ƙara ɗaki nan gaba wanda an riga an zana inda zai zauna. Kuma ba dole sai gida ɗaiɗai a tsakiyar fili ba. A jera su bango ɗaya, shida ko takwas suna kewaye da fili guda mai bishiya. Kuɗin gidan manya 12 ɗin nan zai iya fitar da ƙanana masu yawa, titi da bututu da waya ma sun ragu.

Abba Ɗan Kurna:
Duk na ji. Amma har yanzu babu wanda ya amsa min: me ya sa sai a ciki? Gari yana bin makaranta ai. Lokacin da aka kai sabuwar BUK hanyar Gwarzo daji ne, yau Rijiyar Zaki da Rimin Gata da Ɗanbare duk sun cika. Ku gina makaranta, masu kuɗi za su zo su gina gidajen haya a gefenku.

Malam Mai Tsara Gari:
Yanzu ka yi magana, Abba. Gari yana bi, gaskiya ne. Tsohuwar BUK ma da kwalejin Abdullahi Bayero ta koma can a 1968 bayan ganuwa take, tsakanin Kabuga da Dukawuya, yau tsakiyar gari ce. Asibitin Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988 dubi yadda titin Zariya ya cika a kewayensa. Amma tambayoyi biyu. Shekara nawa garin yake ɗauka kafin ya iso, kuma su waye za su riƙe makarantar kafin nan? Sannan wane irin gari ne yake isowa? Awon igiya. Mai gona ya yanka fuloti, lungu ba ya ɗaukar mota biyu, babu magudanar ruwa, babu filin makarantar firamare. Makaranta tana ciki da katanga da fulawowi, ma'aikatanta suna waje cikin taɓo. Kano ta taɓa samun babban tsari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda wani masanin tsara gari mai suna Trevallion ya jagoranta, gari ya tsallake shi ya yi gaba. Ta ɗaya gefen kuma ga rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015, tituna da tsari ba laifi, amma gidaje ne ba tare da wajen aiki a gefensu ba, kuma ba ƙaramin ma'aikaci ne zai iya saye ba. Wato muna da wajen aiki babu gida, muna da gida babu wajen aiki.

Shawarata ga kwamiti, ku raba abin gida biyu. A cikin katanga ku gina gidajen aiki kawai, na waɗanda dole a same su da dare, ba tare da duba matakin albashi ba. Gidan na kujerar ne, in ka bar aikin dare ka bar shi. A wajen katanga kuma, tun ƙasa tana da araha, ƙungiyar adashin ma'aikata ta sayi gona a yanka ta bisa tsari, a kai wa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ta amince, a riƙa cire kuɗin a albashi. Wannan naka ne har 'ya'yanka.

Baba Mai Ritaya:
Malam, da an yi mana haka da ban tsufa a gidan haya ba. Mu an yi ta cire mana kashi biyu da rabi na asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, amma yawancinmu ba mu ma san ta inda ake neman rancen ba. Ku sa mutum ɗaya a ofis wanda aikinsa ke nan, bin wa ma'aikata wannan takardun.

Maman Ilham:
Ni fa ina da ja a kan "in ka bar aikin dare ka bar gidan". Faɗa da baki. Wa zai fitar da mace da 'ya'ya biyar suna tsakiyar zangon karatu? Kuma mun san halinmu, ranar rabon gida sai ka ga ɗan'uwan mai makaranta da ke aikin rana a ofishin kuɗi shi ya samu, nas tana nan tana jiran adaidaita.

Anti Bilki:
Ko kuma ya karɓa ya zuba ƙannensa, shi yana gidansa na cikin gari.

Malam Mai Tsara Gari:
Wannan kam zane ba ya maganinsa, sai rubutacciyar ƙa'ida da shugaba mai tsoron Allah. Amma zane yana rage kwaɗayi. In gidan aikin ɗaki biyu ne madaidaici, babba ba zai yi rububinsa ba. Da ka gina mai ɗaki biyar da boyis-kwata, ka san wanda zai shiga.

Ɗan Gwarzo:
Ni ɗan yankin ne, ina karatu shiru tun ɗazu. Ba ku yi zancen mutanen da kuka tarar ba. Filin nan gonar wasu ce jiya. In kun zagaye hekta 15 da katanga kun toshe hanyar da suke bi zuwa gona da burtalin shanu, rigima za ku saya. Ku je ku gaida dagaci da mai unguwa kafin safiyo ya kafa dutse. Masallacin Juma'a da ɗan asibitin ku sa su a bakin katanga yadda mutanen gari za su shiga ba sai maigadi ya yi musu tambayoyi ba, a ba su famfo ɗaya a waje. Tun hare-haren bam da aka kai Kano a 2012 kowace ma'aikata ta ɗaga katanga ta sa waya, ban ce kar a yi ba, amma maƙwabcin da yake shan ruwanka ya fi waya tsaro.

Hajiya Mai Zane:
Haka ne. Kuma ya dace da asibitin koyarwa, don ɗalibai marasa lafiya suke nema, marasa lafiyar kuma a waje suke. Asibiti a baki, ajujuwa a bayansa, ɗakunan ɗalibai a ciki, gidajen aiki a gefen da ya fi kusa da asibiti da ɗakin kwanan mata. Kada nisan da ke tsakanin gidan nas da ɗakin haihuwa ya wuce mita 400, tafiyar minti biyar ke nan, kuma hanyar ta kasance a inuwa da fitila. Kuskuren da manyan makarantunmu suka yi shi ne watsa gine-gine don a nuna an cinye fili, ɗalibi ya fito daga wannan aji ya yi tafiyar rabin awa a rana zuwa wancan. Ku dunƙule ginin a kashi ɗaya cikin uku na filin, sauran ku bar wa gobe.

Sarkin Aiki Magini:
Kuma a dasa bishiya tun kafin a zuba harsashi, ba ranar buɗewa a kawo fulawa a tukunya ba. Darbejiya tana saurin girma amma a nisanta ta da bango da bututu, saiwarta ba ta da kunya. Maɗaci a bakin hanya. In kun tarar da tsamiya ko kuka ko gawo a filin, ku ja kunnen mai katafila. Gawo da rani yake ganye, lokacin da ake neman inuwar.

Baban Khalifa:
Akwai tsamiya manya guda uku, a zanen wajen ajiye motoci ne a kansu. Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Matsalata ɗaya, mai makarantar ya riga ya buga hoton ginin gilashin nan a kalanda ya raba. Ta yaya zan tunkare shi?

Injiniya Sadik:
Kar ka ce masa ba kyau. Ka sa a lissafa masa dizal ɗin da ginin zai sha a wata ɗaya na bazara, a ajiye kusa da na ginin da aka juya. Alhazai sun fi jin wannan yaren.

Hajiya Mai Zane:
Kuma ba sai an zubar da fuskar ginin ba, ana iya juya shi a gyara hanyar shiga ta zagayo. Amma kada ku tsallake mai zanenku, aikinsa ne, shi za ku mayar wa da waɗannan tambayoyin ya sake zama. Turo min takardar safiyo da ke nuna arewa da gangaren filin in duba, hoton kalanda ba zai gaya min komai ba.

Baban Khalifa:
Ta gangaren ba mu da ita Hajiya, ta iyaka kawai aka yi.

Injiniya Sadik:
To a nan za ku fara. Kuma in an yi ruwa mai ƙarfi ka sa takalmin roba ka je filin da kanka washegari da sassafe, ka ɗauki hoton duk inda ruwa ya kwanta.